BLACAS: BARDE, BAFADE, MAI TARA KUƊIN MUTANEN DA

Masu karatu, duk wanda ya zauna bencin lakwal ya ji labarin juyin mulkin da aka yi a Faransa cikin 1789. Abin da ba a cika gaya mana ba shi ne makomar ƴaƴan sarauta da guguwar ta watsar. Yau ga labarin ɗaya daga cikinsu, Pierre de Blacas.

An haife shi a 1771, cikin wani tsohon gidan sarauta na kudancin Faransa. Kamar yadda aka saba ga ƴaƴan manya, tun yana saurayi ya shiga rundunar mayaƙan doki, ya sami ƙaramin galan hafsa. Bai daɗe bisa sirdi ba. A 1790 ya ƙetare iyaka, ya bi sahun masu gudun hijira, daga baya ya kama hidimar Lui na 18, wanda a lokacin sarki ne a baki kawai, ba ƙasa ba gadon mulki. Ya bi shi gari gari har Ingila. Da aka kada Napoleyon a 1814, Lui ya hau gado, ya ba shi riƙon gidan sarki, wato ba mai ganin sarki sai ta hannunsa.

To, kowa ya san rabon bafaden da ya fi kusa da kunnen sarki. Da Napoleyon ya komo a 1815 ya sake korar sarauta na kwana ɗari, sai aka rasa wanda za a ɗora wa laifi in ba Blacas ba. Sarki ya koma fada, amma tilas ya rabu da amininsa, ya tura shi jakadanci Italiya, da farko birnin Naples, sa'an nan Rum. A gani na, wannan kora ita ce babban alherin da magabtansa suka yi masa, ko da yake ba da nufi ba.

Dalili kuwa, ƙasar Italiya cike take da kayan mutanen da. Manomi na huɗa ya tono tukunyar kuɗi, magina na haƙa tushe su tarad da gunki. Blacas ya duƙufa saye: duwatsu masu zane, kwanonin azurfa, da uwa uba tsabar kuɗin Girka da Rum. Wani zai ce me babban mutum zai yi da kuɗin da ba su sayen ko goro? Amsa ita ce, da yawa daga cikin waɗannan kuɗi suna ɗauke da fuskar sarkin da ya buga su, da sunansa, da laƙabinsa. Takarda takan ƙone, gini yakan rushe, amma zinariya ba ta tsatsa. Akwai sarakunan Rum da suka yi mulkin ƴan watanni, ba a san kamanninsu ba sai ta wannan hanya. Nauyin kuɗin ma labari ne: in aka ga azurfa ta ragu an cuɗa ta da jan ƙarfe, an san baitulmali ya shiga wahala.

Bai tsaya ga Turai ba. Ya tara kayan ƙasashen Musulmi, har masani Reinaud ya wallafa littafi a kansu a 1828. Cikinsu akwai wata butar tagulla mai adon azurfa da aka ƙera a Mausil ta ƙasar Iraki a 1232, maƙerin ya rubuta sunansa a jikinta. Shi ne kuma ya tsaya wa Shampoliyon, wanda ya warware rubutun Fir'aunonin Masar, ya nema masa guzurin tafiya Italiya a 1824, ya taimaka aka naɗa shi mai kula da kayan Masar a gidan tarihi na Louvre a 1826.

A 1830 mutanen Paris suka sake tashi, suka tuɓe Sharl na 10. Blacas, yana gab da shekara sittin, ya sake barin gida ya bi wannan sarki ma. Ya rasu a Viyana a 1839, aka binne shi kusa da ubangidansa a wata majami'a da ke ƙasar Sulobeniya ta yau.

Ɗansa Louis ya gaji kayan, ya gaji son su, har ya juya babban littafin Mommsen na tarihin kuɗin Rum daga Jamusanci zuwa Faransanci. Da ya rasu a 1866, magada suka sa dukiyar kasuwa. Faransa ba ta saya ba. Disraeli, ministan kuɗin Ingila na lokacin, ya yarda aka biya fam 48,000, aka kwashe zinariyar Rum da butar Mausil da sauran kayan zuwa babban gidan tarihi na Landan, inda har yanzu ake kiran butar da sunan Blacas.