Yaro Na Lilo A Ƙarfen Gola, Me Ke Ƙasansa?

Duk wanda ya ratsa filayen ƙwallo na Kakuri, Makera ko Nasarawa a Kaduna da la'asar ba zai rasa ganin yara sun maƙale a ƙarfen gola ba. Wannan ya ɗaga ƙafafu ya wuntsila, wancan ya saki hannu don ya dira da alkafura. A cikin gidajen Barnawa da Sabon Tasha kuwa, ƙarafan tankin ruwa ne abin hawa. Yawancinsu a bidiyon waya suka ga irin wannan juyi.

Bidiyon dai ba ya nuna musu komai sai juyin. A gasar Olamfik, ƙarfen da maza ke juyi a kansa ya kai kusan mita 2.8, an ɗaure shi tamau da wayoyi, a ƙasansa akwai katifa mai kaurin santimita 20, ɗan wasa ya shafe tafinsa da garin alli saboda gumi, koci kuma yana kusa. Duk da wannan tanadi, 'yar wasa Simone Biles ta Amurka ta janye daga wasu wasanni a Tokyo a 2021, domin ta daina gane inda jikinta yake idan tana sama. To, ina ga ɗan shekara 8 a kan ƙarfen da tsatsar damina ta cinye gindinsa, ƙasa kuma ta bushe ƙamas da rani?

Yaro idan zai faɗi, hannu yake miƙawa ya tare ƙasa, shi ya sa karayar ta fi zuwa a wuyan hannu ko dab da gwiwar hannu. Ta gwiwar nan ce abin tsoro, domin babbar jijiyar jini ta bi ta wurin. A nan iyaye da yawa ke yin kuskure: a ruga wurin mai ɗori, a jera karare, a ɗaure tam. Hannu ya kumbura cikin ɗauri, jini ya kasa wucewa. Idan yatsu suka yi sanyi, suka canza launi, ko ciwon ya riƙa ƙaruwa, a kwance ɗaurin a nufi asibiti a lokacin, kada a ce sai gari ya waye. Irin wannan jinkirin ne ke kai yara ga yanke hannu. Ga Asibitin Gwamna Awan da na St. Gerard nan a wannan tsallaken kogin, ba sai an haye gada ba. A fara da hoton ƙashi.

Faɗuwa da ka ko wuya kuwa wata magana ce daban. Idan yaron ya ce wuyansa, ko ba ya jin ƙafafunsa, kada a cicciɓe shi a cusa a Keke. Ɗaukar gaggawa na iya lalata lakar da faɗuwar ta bari lafiya. A riƙe kansa daidai da jikinsa, a kwantar da shi kan katako, sannan a tafi.

A ganina duka da tsawa ba za su raba yaro da lilo ba, sai dai ya koma yi a ɓoye. Gara a haɗa shi da malamin wasanni na makarantarsa, a kuma kafa masa sharaɗi: ba sakin hannu, ba juyi kai ƙasa, sai da babba a tsaye da abu mai laushi a ƙasa. Matasan da ke kula da filayen unguwa su ma su riƙa girgiza ƙarfen gola. Wanda ya motsa, a kafe shi da siminti ko a kwantar da shi bayan wasa.