Ciwon ɓarin kai mai aiko da manzo

Yau hirarmu a kan ciwon ɓarin kai ce, irin wanda yake aiko da manzo kafin ya iso.

Ga yadda manzon yake. Mutum yana cikin aiki, sai ya ga haske yana ƙyalƙyali kamar haƙoran zarto. Hasken ya riƙa faɗi sannu sannu. In ya dubi wani, sai ya ga rabin fuskarsa kawai. Wani ya ji kamar kiyashi na tafiya daga hannu zuwa leɓe. Wani magana ta ƙi fita daidai. Wannan yana ɗaukar minti 5 zuwa 60, ya wuce. Sa'an nan kai ya kama sara, galibi ɓari guda, da tashin zuciya. Yana iya yin awa 4 har kwana 3.

Ba iskoki ba ne, ba sammu ba ne. Idon ma lafiyarsa lau. Abin daga ƙwaƙwalwa yake, wajen ƙeya, inda take aikin gani. Shi ya sa ko ka rufe ido, hasken yana nan. Ana gadonsa, kuma ya fi kama mata.

Me ke tada shi? Rashin barci, yunwa, ƙishirwa, zafin rana, damuwa, da jinin al'ada.

In manzo ya zo, bar aiki. In kana bisa babur, tsaya. Sha ruwa, ka sha parasetamol tun ciwon bai yi ƙarfi ba. Kwanta a ɗaki mai duhu, inda ba hayaniya. Amma kada ka sha magani kullum, yawansa yana ƙara ciwon kai. Mai shan taba ya bari.

Ke kuma ƴar'uwa, in kina ganin wannan haske, gaya wa ungozoma kafin ki karɓi ƙwayar tsarin iyali. Akwai irin da ba ta dace da ke ba, tana iya jawo shanyewar jiki. Za a zaɓa miki wata.

A kai mutum gidan likita nan take:
in alamun sun wuce awa 1;
in baki ya karkace, ko ɓarin jiki ya mutu;
in ciwon ya faɗo farat ɗaya da tsanani;
in da zazzaɓi da ƙagewar wuya, don ana tsoron sanƙarau;
in mai ciki ce take ganin hasken.

Wanda ya karanta, ya gaya wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.