Tabkin Madarunfa da Gulbin Gabi

Masu hannu da shuni kan ƙetara teku zuwa tsibirin Zanzibar domin hutawa bakin ruwa. Mutumin Gabi kuwa, nasa wurin shan iska yana kusa: tabkin Madarunfa, kudu da Maraɗi, inda gulbin Gabi ke zuba ruwa da damina. Nan masunta ke jefa taru, baƙin tsuntsaye na sauka lokacin ɗari, masu ziyara na kewaya kaburburan waliyyai 99. A shekarar 2006 Nijar ta gabatar da wurin ga UNESCO.

Amma saran itatuwa na sa ruwa ya kwaso rairayi yana cike tabkin. In ya cike, ba kifi, ba baƙo. Wanda ya kiyaye itacen bakin gulbi, tabkin ya kiyaye.