Shin Ko Kun San? Fuskar Gwarzo da Harshen Masu Kallo

Matasan Gusau, Tsafe da Bungudu, masu loda wayoyinku da shirye-shiryen gwaraza masu ƙarfin al'ajabi a shagunan turi, ga abin da ke bayan labulen:

Shin ko kun san cewa Anna Diop, wadda ta fito a matsayin Starfire a shirin Titans na 2018, haifaffiyar Senegal ce? Tun kafin a fara haska shirin, wasu suka yi mata caa saboda baƙar fatarta, har ta rufe wurin sharhi a shafinta na Instagram. Alhali Starfire ɗin ma ba 'yar Adam ba ce, daga wata duniyar ƙirƙira ta zo.

Shin ko kun san cewa Candice Patton ta sha irin wannan cin mutunci tun 2014, lokacin da aka ba ta matsayin Iris West a shirin The Flash? Ta daure har shirin ya ƙare a 2023.

Shin ko kun san cewa Ms. Marvel na 2022 shi ne shirin Marvel na farko da Musulma ta jagoranta? Iman Vellani, haifaffiyar Karachi ta Pakistan, ita ta ja shi, kuma an nuna masallaci da shagalin Sallah. Masana fim sun yaba, amma wasu suka yi tururuwa suna ba shi mafi ƙarancin maki a IMDb.

Shin ko kun san cewa a shirin Supacell na 2024, wanda Tosin Cole ɗan asalin Najeriya ya jagoranta, an danganta baiwar gwarazan da cutar sikila? Ciwon da iyalai da yawa a nan suke jinya ya samu wurin zama a gaban duniya.

Shin ko kun san cewa Kannywood ma ba ta Bahaushe kaɗai ba ce? A Libreville aka haifi Hadiza Gabon, Ali Nuhu kuma a Maiduguri. Shirin Daɗin Kowa na Arewa24 ya kawo Stephanie, Kirista, jama'a suka rungume ta.

Idan zagin da aka yi wa Anna ya ɓata mana rai, to kada mu yi wa baƙon da ya shigo fim ɗinmu gorin asali. Ɗan wasa da aikinsa ake auna shi.