Abin Da Ake Zuwa Gani A Japan, Akwai Ɗan'uwansa A Gida

Kowace shekara miliyoyin baƙi sukan tafi ƙasar Japan yawon buɗe ido. Mu da muka san Japan ta wajen babur da rediyo da mota, sai mu zaci masana'antu suke zuwa kallo. Ashe da yawa daga cikinsu kayan da suke nema na kaka da kakanni ne.

Suna zuwa ganin dutsen Fuji, mai tsawon mita 3,776. Suna zuwa Kyoto, wanda ya zama babban birnin ƙasar a shekarar 794, ya riƙe sarauta fiye da shekara dubu. Amma akwai wurare biyu da ya kamata mu mutanen karkarar Kano mu lura da su.

Na farko ƙauyen manoma ne cikin duwatsu, sunansa Shirakawa-go. Gidajensa na jinka ne mai kauri, mai tsini, don ƙanƙara ta riƙa zamewa. In jinkar wani ta tsufa, sai maƙwabta su taru su yi masa baibaya. Wannan ba gayya ba ce? A 1995 hukumar UNESCO ta sa ƙauyen cikin wuraren tarihi na duniya.

Na biyu shi ne lardin Tokushima, inda ake noman baba. Sukan tara ganyen ya ruɓa wajen kwana ɗari, sa'an nan su haɗa shi da ruwan toka su rina tufa. Baƙo yakan biya kuɗi don a bar shi ya tsoma ƙyalle da hannunsa.

To, mai karatu, ka taɓa kai iyalinka karofin Ƙofar Mata a birnin Kano? An ce tun 1498 ake rini a wurin, da baba da toka, kamar dai na Japan. Bajamushen nan Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda ake kai tufafin Kano har Timbuktu. Yau ramuka da yawa sun bushe, gama yadin kanti mai araha ya cika kasuwa, samari kuwa ba su koyon sana'ar.

Ko ba ka shiga birni ba, akwai abin gani. Minjibir ta yi suna wajen saƙa. Kusa da Dambatta ga madatsar ruwan Thomas, a Bagwai ga ta Watari, inda lambuna suke kore shar da rani. Gonakinmu ma abin mamaki ne. Masana daga ƙasashen waje sun zo sun yi nazarin yadda ake noma gona ɗaya kowace damina ba hutu, da taki da jakuna suke kawowa, da gawo wanda yake zubar da ganyensa da damina don kada ya tare wa gero rana.

Mutanen Japan ba su fi mu kayan gado ba, riƙo suka fi mu. Abin da yaro bai gani ba, ba zai yi kishinsa ba. Saboda haka in an yi hutun makaranta, maigida da uwargida, ku ware yini guda. Ku kai yara wurin marini ko masaƙi, su zauna, su yi tambaya, su dawo da shuni a yatsa. In da hali ku sayi ko ɗankwali ɗaya, gama ciniki shi ke hana karofi bushewa.