Rikicin Limaman Barchester

A 1857 wani marubuci ɗan Ingila, Anthony Trollope, ya wallafa littafin Barchester Towers. Labarin limaman coci ne a wani gari na ƙage. Bishop ya rasu, ɗansa Grantly na sa ran gadon kujerarsa, sai gwamnati ta sauya, aka naɗa Proudie. Ashe sabon ba shi da kataɓus. Matarsa da limaminsa Slope su ne ke kokawa kan akalarsa, har matar ta yi rinjaye.

Ana samunsa da murya kyauta a LibriVox. Ɗalibanmu na Gombe, ku saurare shi, kunnenku ya saba da Turanci kafin ku shiga aji. Ku lura kuma, kwaɗayin muƙami ba ya jin kunyar rigar malanta.