Lugude a Cikin Fiyano

Da kaka, idan gero ya shigo gida a ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, mai wucewa ta bayan danga yakan san mata nawa ke daka ba tare da ya leƙa ba. Taɓarya ɗaya aiki ce kawai, tim, tim. Idan suka zama biyu ko uku, sai dakan ya koma kiɗa. Haka abin yake a cikin sintesaiza, na'urar da ke haifar da sauti daga wutar lantarki, dangin fiyanon da ake kaɗawa a gidajen biki a Gumel.

A cikinta akwai sashen da ake kira osileta. Aikinta na taɓarya ne: ƙarfin wuta ya hau, ya sauko, ya sake hawa. Sai dai saurin ba ɗaya ba. Mai daka takan sauke hannu kamar sau ɗaya a daƙiƙa, osileta kuwa sai ta yi sau 440. Da zarar bugu ya wuce kusan sau 20 a daƙiƙa, kunne ba ya iya ƙirga shi ɗai-ɗai, amo guda yake ji mai ɗorewa. In an ƙara sauri amon ya yi siriri, in an rage ya yi kauri. Salon ɗaga hannu ma yana da tasiri: hawa da sauka sannu-sannu murya mai laushi yake bayarwa, hawa a hankali da faɗowa farat ɗaya kuma mai kaushi.

Daɗin yana wajen haɗuwa, shi ya sa sintesaizar Minimoog, wadda kamfanin Robert Moog ya fitar a Amurka a 1970, ta zo da osileta uku. A ajiye turmi biyu kusa da juna, mace ɗaya ta ɗan fi ɗaya zafin hannu. Wani lokaci dukansu ya faɗi tare, ƙarar ta cika gida. Can kuma su saɓa, sannan su sake haɗuwa. Idan osileta ɗaya na 440 ɗaya na 442, amon zai riƙa kumbura yana lafawa sau biyu a kowace daƙiƙa. Wannan ɗan saɓani shi ke sa sauti ya yi jiki.

Akwai kuma uwargida da ke gefe, ba ta riƙe taɓarya, amma da tafinta take sa a hanzarta ko a sassauta. Ita ce osileta mai jinkiri, wadda ke ƙasa da sau 20 a daƙiƙa. Ba a jin ta, sai aikinta: ita ke sa amo karkarwa. John Chowning na Jami'ar Stanford ya gano a 1967 cewa idan wannan mai juya hannun wasu ta yi sauri ƙwarai, karkarwar takan ɓace, wata sabuwar murya ta fito, irin ta ƙararrawa. A kan haka kamfanin Yamaha ya gina sintesaizar DX7 a 1983.

Yau a situdiyo sau da yawa lissafin kwamfuta ne ke yin aikin osileta, kamar 3x Osc na manhajar FL Studio. Saboda haka yaron da ke koyon haɗa kiɗa, in ya ji sautinsa ba armashi, kada ya fara da ƙara murya. Ya kunna osileta ta biyu, ya gusar da ita kaɗan daga ta farko, yana saurare. In ya zarce, kunnensa zai gaya masa kiɗan ya karkace.